Muna gudun sanyi, muna kwana da hayaƙi

Bara da hunturu ƙanena da ke aiki a Abuja ya zo gida da wani kwali a bayan mota. Na'urar tace iska ce, fara, tsayinta ya kai gwiwa. Ya saya wa Inna saboda tarin da ya ƙi rabuwa da ita shekara da shekaru. Ya yi abin da ɗa nagari yake yi, Allah Ya saka masa da alheri. Sai dai garinmu ƙauye ne a ƙasar Ringim, wuta takan yi kwana da kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Ranar da muka tayar da janareta muka jona na'urar, 'yar fitilar da ke kanta ta koma ja, ta kuma ƙi sauyawa. A ɗakin akwai kasko cike da garwashi, an barbaɗa turare a kai, taga kuma an toshe ta da tsumma tun shigowar sanyi. Na'ura tana jan iska, kasko yana ƙara mata aiki.

Bayan wata ɗaya muka kai Inna babban asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya duba hoton da aka ɗauka, aka gwada majina aka tabbatar ba tarin fuka ba ne. Sai ya juyo ya tambaye ni a hankali ko Baba ta taɓa shan taba. Inna ta ji, ranta kuwa ya ɓaci. Ta ce, "Ni? Taba? A'uzubillahi!" Ya ba ta haƙuri, ya ce, "Baba, shekara nawa kika yi kina girki da itace?" Ta ce tun kafin a kai ta ɗakin miji. Muka lissafa, ya haura shekara 50. Ya ce, "To, ita ce tabar da nake tambaya."

Tun daga ranar maganar ta ƙi barin raina. Mu mutanen karkara muna ɗaukar gurɓatar iska a matsayin matsalar birni, ta masu zama kusa da masana'antun Sharaɗa da Bompai, ko masu shaƙar hayaƙin a-daidaita-sahu a Ƙofar Wambai. Mu kam, in ji mu, iskarmu ta Allah ce, tsarkakakkiya. Gaskiya ne a gona, gaskiya ne a dandali da gindin darbejiya inda maza suke hira. Amma a ɗakin girki da ɗakin kwana, inda mata da jarirai suke yini suke kwana, iskar ta fi ta bakin titin birni muni. Kuma ba daga waje ta shigo ba. Mu muke hura wutar da hannunmu, sannan mu rufe ƙofa.

Duk mai shakka ya shiga madafar gidansu ya ɗaga kai. Wannan baƙar kunkunniya da ta lulluɓe azara ko kwano, har tana ɗiga in damina ta zo, ita ce abin da ya samu ya hau sama ya maƙale. Wanda bai hau ba fa? Matar da ke durƙushe tana hura wuta da bakinta, idonta na hawaye, da yaron da ke goye a bayanta, su suka shaƙe shi. Cikin hayaƙin itace akwai wasu 'yan ƙwayoyin ƙura da masana suke kira PM2.5. Sai an jera kusan 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su, suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu ma su ratsa su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gidan da iska ba ta ratsawa, yawansu lokacin girki yakan ninka abin da aka yarda da shi har sau 100.

Ita dai wannan hukuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, daga ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Ta hanyar limoniya, ciwon huhun da muke kira sanyin haƙarƙari, yake kashe yara. Manya kuma ta ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, kansar huhu, da irin ciwon Inna, wanda hanyoyin numfashi suke ƙuntata a hankali har mutum ya kasa tafiya daga ɗaki zuwa rijiya ba tare da ya tsaya ya huta ba. Yana kuma jawo yanar ido, wadda muke ɗora wa tsufa kawai. A shekarar 2018, in ji UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, limoniya ta kashe yara kusan 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, har da Indiya da ta ninka mu yawan jama'a sau da dama. Wato sama da yara 440 kowace rana. A shekarar 2018 ɗin dai binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa a Jigawa, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, fiye da 200 ba sa kai wa shekara 5. Ba hayaƙi ne ya kashe su duka ba, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai gudawa, akwai yunwa. Amma duk wanda ya je zaman makoki a ƙauye da sanyi ya san jimlar da ake yawan faɗa: "Sanyi ne ya shige shi, ƙirjinsa ya riƙa kama shi."

A kan wannan jimlar nake so in daɗe, domin a nan kuskuren yake.

Mun gaji fahimtar cewa sanyi ne yake shiga haƙarƙarin yaro ya kwantar da shi. Har sunan ciwon ma haka muka sa masa, sanyin haƙarƙari. Saboda haka da zarar buji ya fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai a shiga yaƙi da iska. A toshe taga, a rataya bargo a ƙofa, a cusa tsumma a ƙarƙashinta, a shigo da kasko. Idan yaro ya fara tari, sai a ƙara garwashi. Uwa tana yin haka ne don ƙauna, ba wanda zai zarge ta. Amma limoniya ƙwayar cuta ce take kawo ta, ba sanyi ba. A cikin hanyar numfashi Allah Ya halitta wasu 'yan gashi-gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina da datti su turo su waje, akwai kuma dakarun jiki da suke haɗiye ƙwayar cuta kafin ta yi ƙarfi. Hayaƙi yana gurgunta waɗannan masu gadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma mutum 6 ko 7 a ɗaki ɗaya a rufe, numfashin wannan shi ne na wancan. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ɗakin mai jego shi ya fi tayar mini da hankali. Jariri ɗan kwana uku, huhunsa bai gama ƙwari ba, yana numfashi sau biyu ko fiye da na babba a minti ɗaya, wato yana jan iska fiye da kowa a ɗakin in aka kwatanta da girman jikinsa. Shi ne kuma muke sa wa a ɗakin da ya fi kowane ɗaki hayaƙi a gidan. Kasko ba ya mutuwa har arba'in. 'Yan barka suna shigowa, kowace ƙungiya ta zo sai an ƙara turare don ɗaki ya yi ƙamshi, kada a ce mai jego ƙazama ce. A wasu gidajen har yanzu ana hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. A ƙofar ɗakin kuma ga tukunyar ruwan wanka tana cin itace safe da yamma. Ban zo in yi faɗa da al'adar jego ba, akwai kulawa da tausayi a cikinta da matan birni da yawa suke kewa. Kuma tsoron sanyi ga jariri ba shirme ba ne, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi da gaske yana cikin haɗari, musamman bakwaini. Amma ɗumin da yake buƙata yana jikin uwarsa. A kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula da safa, a lulluɓe su da bargo. Haka ma'aikatan lafiya suke koya wa masu bakwaini a asibiti. Wannan ɗumin ba ya tare da guba.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce, domin Goggona ta faɗa mini: "Ai ba ma shigo da shi sai ya ruru a waje, hayaƙin ya fita." To a nan ne abin tsoro yake. Gawayin da ya ruru ya yi ja, ba a ganin hayaƙinsa, yana ci gaba da fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye ko tari. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin, iskar da jiki yake rayuwa da ita, sau 200 ko fiye, sai jiki ya shiga yunwar numfashi mutum yana barci bai sani ba. Alamarta ta farko ita ce mutanen ɗaki ɗaya su tashi da asuba duk da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sannan su ji dama-dama bayan sun fita waje. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da amarya da ango, ko iyali guda, ba rai a ɗaki a rufe? Sai a ce abinci ne, ko a ce iska ce. Iska ce kuwa, amma ba ta aljanu ba, ta kasko ce ko ta janaretan da aka shigar zaure ko bayan taga don tsoron ɓarayi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba sabon ilimi muke jira ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada mu bar wuta a gidajenmu lokacin da za mu yi barci. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Malamanmu sukan fassara shi da tsoron gobara, haka ne kuwa, amma umarnin ya rufe ƙofar wannan gubar ma. Ban taɓa jin an yi huɗubar Juma'a a kansa da shigowar hunturu ba, alhali a ganina babu lokacin da ya fi dacewa.

Da damina kuma wani hayaƙin ne yake karɓar aiki. Igiyar leƙo da muke kunnawa a gefen shimfiɗar yara mu rufe ɗaki har safe, wani bincike da aka buga a 2003 ya gano cewa guda ɗaya tana fitar da ƙurar hayaƙi daidai da ta karan sigari 75 zuwa 137. Ga fiya-fiya, maganin ƙwarin gona da muke yayyafawa a ɗaki mu kwanta a kai. Alhali gidan sauron da aka raba mana kyauta yana can an kewaye lambu da shi.

To ina matsayin na'urar tace iska a cikin wannan duka? Ba zan ce ƙarya ce ba. Mai kyau daga cikinta tana da fanka da ke jan iska ta tura ta cikin matata mai suna HEPA, wadda take tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da suka fi wuyar kamawa. Tana rage ƙura da burbushin hayaƙi, har da ƙwayoyin cutar da suke yawo cikin iska, shi ya sa aka yi ta sayen ta a makarantu da ofisoshin Amurka da Turai lokacin korona. Mai asma da yake da sola da ɗaki mai rufi mai kyau zai ji daɗinta ranar hazo. Zan yi murna in gan ta a ɗakin jarirai na asibitocinmu. Amma tana son wuta dare da rana. Matatar tana cika, dole a sauya ta, ƙurar hunturu kuma tana cika ta da wuri, sabuwa ba a kasuwar Ringim ko Gujungu ake samun ta ba. Mafi muhimmanci, matatar ƙura take kamawa, ba ta kama kabon monoksaid ko kaɗan. Mutum zai iya kwana da na'ura tana aiki, fitilarta ta nuna kore, gawayi ya kashe shi. Kuma don ta yi aiki sosai ana so a rufe ɗaki, rufe ɗakin nan kuwa shi ne ciwonmu. Sa ta a ɗakin da ake hura wuta, ɗiban ruwa ne da kwando. Kuɗin da ƙanena ya kashe a kanta da ya gina wa Inna rumfar girki da murhu mai bututu, ya fasa tagogi biyu, har a samu canji.

Akwai hujja ɗaya ta masu rufe taga da na yarda da ita, wato hazo. Ƙurar da take rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi take tasowa, kuma tana da laushin da take shiga huhu ita ma. Ranar da hazo ya yi kauri, a sakaya taga da labule mai ɗan danshi, a rufe hanci da takunkumi ko rawani in za a fita, a yayyafa ruwa kafin shara. Wannan daidai ne. Amma sakaya taga daban, toshe ta wata huɗu daban. Kuma wanda ya rufe ɗaki don tsoron ƙura, shi ya fi kowa wajabcin fitar da wuta daga ciki.

Busasshiyar iskar nan da ƙura su ne suke farfasa cikin hanci da maƙogwaro su buɗe wa sanƙarau hanya, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya yaɗa shi. Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, Kano tana cikin inda ya fi ɓarna. Ko a 2024 sai da ya dawo Jigawa da maƙwabtanta, har Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 na ƙwayar. Mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022, da ƙyanda, da tarin fuka, duk ta numfashi suke bi. Mai tarin fuka in ya yi tari a ɗaki a rufe, ƙwayar takan yi sa'o'i tana shawagi. In taga da ƙofa suna kallon juna a buɗe, iska ta kwashe ta, hasken rana kuma yana kashe ta. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga aji mai yara 100 an liƙe tagoginsa da kwano, ko ɗakin almajirai da ba shi da mafitar iska sai ƙofa.

Sai maganar murhu. A nan ma ba na son in maye gurbin na'urar Abuja da wata na'urar in ce an gama. An yi gwaji a Gwatamala, aka gina wa wasu gidaje murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna limoniya mai tsanani ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a yaran gidajen. Amma a Malawi an raba ingantaccen murhu a ƙauyuka aka bi yara sama da 10,000, limoniya ba ta ragu ba. Ko gwajin gas da aka yi a Gwatamala, Indiya, Peru da Ruwanda, hayaƙin da ake shaƙa ya ragu sosai, amma limoniya mai tsanani a jarirai ba ta nuna bambanci a fili ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne yaro ba hayaƙin murhu ɗaya yake shaƙa ba. Akwai na maƙwabta, na bolar da ake ƙonawa, na tsohon murhun da ake komawa in an yi baƙi. Kuma huhun da ba a yi wa rigakafi ba, a jikin da bai ƙoshi ba, rage hayaƙi kaɗai ba zai tsare shi ba. Allurar limoniya ta shiga jerin rigakafin yara a ƙasar nan tun ƙarshen 2014, kyauta ce. Nonon uwa zalla wata 6 kyauta ne. Su da tsabtar iska tafiya ɗaya suke yi.

Masu cewa a koma gas su yi mana adalci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, hatta matan birni da suka saba da gas da yawa sun koma gawayi. Kananzir ya daɗe da zama kayan masu hali, shi ma kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar girki da shi ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsabtataccen makamashin girki. Abu ne mai kyau, amma matar da take dafa tuwon mutum 15 da karan dawa da kashin shanu, ko mai turara shinkafa a Auyo da Kura, ko mai suyar ƙuli-ƙuli da take yini a kan wuta don ta sayi sabulu, takarda ba ta iso gare su ba. Kafin ta iso, da itace za a yi girkin gobe.

Shi ya sa nake ganin maganar ta koma kan maigida. Mu maza mu ne muke yanke yadda za a gina gida. Mukan kashe kuɗi a kan zaure da ɗakin baƙi, a yi wa ƙofa fenti, ɗakin girki kuwa sai abin da ya rage, a maƙala shi a lungu ba taga, wani lokacin ma jikin ɗakin kwana. Mu muke sayo ɗanyen itace don ya fi araha, a bar mace da hura shi, har ta kai ga kunna shi da leda ko guntun takalmin roba, hayaƙin da ya fi kowanne dafi. Sannan idan wuta ta kama mu fita majalisa, sai an sauke tukunya mu dawo. Shari'a ta ɗora mana ciyarwa da tufatarwa da muhalli. Ban ga yadda ɗakin da yake cinye huhun mace a hankali zai cika sharaɗin muhalli ba.

Gyaran ba na masu kuɗi ba ne. Rumfa a tsakar gida, gefe biyu a buɗe, nesa da ƙofar ɗakin kwana. In dole a dafa a ɗaki saboda ruwa ko iska, a fasa mafita a sama daf da rufi, domin hayaƙi sama yake nema, a kuma fasa wata ta ƙasa a bangon da ke kallonta. Magininmu na gargajiya da yake iya tayar da bakan gizo da ƙasa da azara, murhun laka mai bututu ba zai gagare shi ba in an nuna masa sau ɗaya. A tanadi itace tun da rani, a faskara shi ƙanana ya bushe. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Irin waɗannan suna rage itacen ma, a yankin da marke da ƙirya suke ƙarewa muna kallo. Akwai kuma wanda ba ya cin ko kwabo, sai dai yana cin girman kai: a sauke goyo kafin a hau murhu. In babu kaka ko yayar da za ta riƙe shi, uban ya riƙe ɗansa na awa ɗaya a ƙofar gida. Ba abin kunya ba ne.

Daga hukuma ba na roƙon a rabo mana na'urori. Ina roƙon a dawo da duba-gari da martabarsa, a ƙara masa aiki: yadda yake leƙa masai da kwata da randa, ya leƙa madafa ya ga ko tana da taga. A ranar awon ciki a gaya wa mata maganar kasko kamar yadda ake gaya musu maganar gidan sauro, a gaya wa ungozomomi, su da suke da iko a ɗakin jego fiye da likita. Gidajen rediyo su maimaita ta daga Nuwamba, dagatai da limamai su ɗauka. Kada a karɓi ginin aji ko ɗakin kwanan ɗalibai daga ɗan kwangila in tagoginsa ba sa kallon juna. Asibitin sha-ka-tafi na kowace mazaɓa ya samu ɗan abin nan da ake maƙala wa yaro a yatsa don auna oksijin, da maganin limoniya na amoksisilin mai narkewa a ruwa, babban asibitin ƙaramar hukuma kuma kada ya rasa oksijin.

Iyaye kuma su koyi ƙirga numfashi, agogon waya ya isa. A ɗaga rigar yaro yana kwance a natse, a ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, akwai matsala. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to ba lokacin shafa man zafi ko tsaga ko turare ba ne. A nemi babur a tafi asibiti a daren.

Inna ba ta warke ba. Likita ya gaya mana abin da ya lalace a huhu ba ya dawowa, sai dai a hana shi ƙaruwa. An ba ta abin shaƙa, mun fasa taga a ɗakinta, mun mayar da murhu ƙarƙashin rumfa a kudancin gida. Na'urar tana nan, mukan kunna mata ita ranar hazo in an samu wuta. Da dare har yanzu takan sa jika ya mayar da tsumma a tagar, ni kuma in na zo gaishe ta da asuba in cire.

Matar ƙanenmu na ƙarshe za ta haihu cikin Janairu in Allah Ya yarda, tsakiyar sanyi. Na riga na sayo hula da safa da bargo biyu, na kai wa Inna da kaina, domin ita ce mai faɗa a ji a kan jego a gidanmu. Na roƙe ta kada kasko ya kwana a ɗakin. Ta yi shiru, ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce ta amince, amma turare kam sai an yi, don ba za a shigo barka a tarar da ɗakin surukarta ba ƙamshi ba. Muka daidaita a kan za a turara ɗakin da hantsi, sa'ad da mai jego da jaririn suke waje suna shan rana, a bar ƙofa da taga a buɗe har hayaƙin ya fita kafin su koma.